Kambu a Yenagoa, Gardama a Titin Gidan Zoo

A watan Maris na 2007, a garin Yenagoa na Jihar Bayelsa, aka kira sunan Ali Nuhu a bikin karrama finafinan Afirka na AMAA karo na uku, aka miƙa masa kambun jarumi mai tasowa. Fim ɗin da ya jawo masa kambun shi ne Sitanda na Izu Ojukwu, wanda a wannan dare ya haɗa da kambun gwarzon fim da na gwarzon darakta. A idon alƙalan bikin, baƙuwar fuska ce ta fito daga Arewa ta yi abin a yaba. A Kano kuwa shekara takwas ke nan mutumin yana cin kasuwa, tun daga Sangaya na kamfanin Sarauniya a 1999, kuma da wuya a shiga shagon hayar kaset a Tarauni ko Gyaɗi-Gyaɗi ba a ga hotonsa manne a bango ba. Da za a tara masu shayin unguwannin nan a ce su yi hasashen kambun da ya dace da Ali Nuhu a waccan shekara, babu wanda kalmar "mai tasowa" za ta zo bakinsa.

Wannan saɓani tsakanin abin da 'yan kallo suka sani da abin da alƙalai suka gani shi ne ya bi tarihin lambobin yabo na finafinan Hausa tun daga farko, kuma yawancin gardamar da ya haifar an yi ta ne a wani ɗan yanki na kudancin Kano: daga Hotoro a kan Titin Maiduguri, a biyo ta Tarauni da Farm Centre, a faɗo shataletalen Dangi da ke Gyaɗi-Gyaɗi, inda Titin Gidan Zoo ya ɗauko.

A Hotoro tushen yake. Can gwamnatin Muhammadu Abubakar Rimi, wanda ya mulki tsohuwar Jihar Kano daga 1979 zuwa 1983, ta kafa gidan talabijin na CTV, wanda aka mayar da sunansa ARTV bayan rasuwar Rimi a 2010. Sabuwar tasha tana buƙatar abin da za ta cika sa'o'inta da shi, ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na birni irin su Tumbin Giwa da Gyaranya kuma suna neman inda za a gan su. A wancan zamani babu kofi, babu jan kafet, babu ambulan da ake buɗewa. Ladan ɗan wasa shi ne yara su bi shi a titi suna kiran sa da sunan da ya fito da shi a akwatin talabijin, kamar yadda sunan Samanja ya danne na Usman Baba Pategi a Kaduna, na Karkuzu ya danne na Abdullahi Shu'aibu a Jos. Wanda sunansa na wasa ya shafe na yanka, to ya ci.

Daga cikin waɗannan ƙungiyoyi aka samu masu ƙarfin halin ɗaukar kyamarar bidiyo su sayar da wasan kai tsaye ga jama'a. Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, Salisu Galadanci ya ba da umarni, Ibrahim Mandawari na cikin 'yan wasan. Gimbiya Fatima ya biyo baya. Daga nan alƙalanci ya koma hannun 'yan kasuwar Ƙofar Wambai da Bata, kuma ma'auninsu ba ya buƙatar kwamiti. Tsarin shi ne furodusa ya buga kwalin kaset, ya kai wa dillalai tare da uwar kaset ɗin, su kuma su gurza a nasu injinan su zuba a kwalayen da suka saya. Ribar mai fim tana cikin kwali. Saboda haka tambayar da ake yi a kan kowane sabon fim ɗaya ce: kwali nawa ya tafi, kuma an koma an sake bugawa?

A nan ne hasashe ya fara zama sana'a. Dillali yakan kalli tallar fim ta 'yan mintuna, ya saurari waƙoƙin, ya duba fuskokin da ke kan fosta, ya yanke yawan kwalin da zai ɗauka, kuma in ya yi kuskure aljihunsa ne zai gaya masa. Bayan Sangaya, da Wasila na Yakubu Lere da Ishaq Sidi Ishaq ya ba da umarni a 2000, kowa ya fahimci cewa waƙa mai daɗi da jarumai biyu masu tashe sun fi labari mai zurfi saurin kwashe kaya daga kanta. Matasan da ke taruwa a shagunan haya da gidajen kallo, da waɗanda ke cika silimar Marhaba ta Farm Centre, da wannan ma'auni suka tashi. Shi suka riƙe har lokacin da aka fara raba lambobin yabo, kuma shi ne ya dinga kayar da su.

Mujallu ne suka fara ba gardamar wurin zama a rubuce. Sunusi Shehu Daneji ya ƙirƙiro sunan Kannywood a mujallarsa ta Tauraruwa a 1999, shekara uku kafin jaridar New York Times ta yaɗa sunan Nollywood. A watan Maris na shekarar ne kuma Ibrahim Sheme ya fara buga mujallar Fim a Kaduna. Shafukan wasiƙu suka cika da masu kare gwanayensu da masu kushe na wasu. A farkon shekarun 2000 aka soma shirya bukukuwan karramawa na cikin gida, irin su Arewa Films Award da Gamji, kuma tun a lokacin aka gane matsalar da ba ta rabu da su ba: masana'antar ƙarama ce, kowa ya san kowa. Mai shirya biki furodusa ne, alƙali abokin darakta ne, wanda ya ba da gudummawar kuɗin zaure yana da fim a cikin takara. Ko da an yi adalci tsantsa, wanda ya faɗi yana da abin kamawa, yaransa kuma suna da abin faɗa washegari.

Kalmar "yara" tana da nauyi a wannan harka. Kannywood ta ginu ne a kan ubangida da yaransa: babban jarumi ko furodusa yana da ofis, yana da masu zama a ƙofar ofis, yana da sababbin fuskokin da yake sakawa a fim, yana da mawaƙan da ke rera masa. Yayin da ofisoshin suka yi ta tattaruwa a Titin Gidan Zoo, musamman a Gidan Ɗan'asabe da benayen da ke kewaye, sai titin ya zama majalisar dokokin masana'antar. A bencin mai shayi ake yanke wanda ya iya da wanda ake ɗaurawa. Shekaru da dama magoya baya sun kasu gida biyu, na Ali Nuhu da kamfaninsa FKD, da na Adam A. Zango. Hasashen mai goyon baya kuwa mubaya'a ce. Ba ya faɗin wanda yake zaton zai ci, yana faɗin wanda ba zai yarda a ce ya faɗi ba, shi ya sa in sakamako ya fito ba a cika jin wani ya ce lissafinsa ne ya kuskure ba. Abin da ake ji shi ne an yi son kai, ko an sayi alƙalai, ko dama an riga an rubuta sunan tun kafin a shiga zaure.

Sai kuma ga alƙali na uku, wanda shi ba ya raba kambu. Gwamnatin Kano ta kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001, bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci a jihar. A 2007, bayan ɓullar wani bidiyon waya da ya girgiza masana'antar, aka naɗa Abubakar Rabo Abdulkarim ya shugabanci hukumar, aka dakatar da ɗaukar fim na watanni, kotun tafi-da-gidanka ta fara aiki. Adam Zango ya shiga gidan yari a 2007 saboda kundin waƙoƙinsa na bidiyo mai suna Bahaushiya. Ɗan wasan barkwanci Rabilu Musa Ibro ma ya ɗanɗana a 2008. Amma labarin da ya fi nuna yadda alƙalan nan uku ba sa ga-maciji shi ne na furodusa Hamisu Lamido Iyantama. Fim ɗinsa Tsintsiya, wanda ofishin jakadancin Amurka ya tallafa wa, ya ɗauko rikicin ƙabilanci da na addini ya saka a cikin labarin soyayya, kuma ya samu lambar yabo a bikin finafinai na Zuma na 2008 a Abuja a rukunin finafinan da suka taɓo matsalolin al'umma. Kafin shekarar ta ƙare, a ƙarshen watan Disamba, kotun tafi-da-gidanka a Kano ta ɗaure shi bisa zargin sakin fim ɗin ba tare da tantancewar hukumar jiha ba. Shi kuwa ya dage cewa hukumar tarayya ta tace shi. Bai fito ba sai a watan Maris na 2009. Fim guda, shekara guda: kambu a Abuja, kurkuku a Kano.

A waɗannan shekaru da yawa daga masu sana'ar suka kwashe kayansu suka koma Kaduna da Jos, Titin Gidan Zoo ya yi sanyi. Bai farfaɗo sosai ba sai bayan sauyin gwamnati a 2011.

Da farfaɗowar ne aka samu biki mafi ƙyalli da masana'antar ta taɓa yi da sunanta, wato Kannywood Awards da kamfanin MTN ya ɗauki nauyi daga 2013. A karo na biyu Hadiza Aliyu Gabon ta zama gwarzuwar jaruma da fim ɗin Daga Ni Sai Ke. A karo na uku, na shekarar 2015, masu shiryawa sun yi aiki da wata dabara da ta cancanci a tsaya a kanta: sun raba manyan kambuna gida biyu, zaɓin alƙalai daban, zaɓin 'yan kallo daban. Sadiq Sani Sadiq ne ya ɗauki na gwarzon jarumi a ɓangaren alƙalai. Wasu za su ce raba gardama aka yi don kowa ya koma gida da abin nunawa, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Amma dabarar ta amsa abin da kowa ya sani ba a faɗa: cewa iya wasa da yawan masoya abubuwa ne mabambanta, kuma kofi ɗaya ba zai ɗauke su duka ba. Abin takaici, bikin bai zama al'adar da ta ɗore shekara bayan shekara ba. Biki irin wannan yana tsaye ne da ƙafar mai ɗaukar nauyi, kuma a daidai lokacin kasuwar faifai tana durƙushewa. Satar fasaha ta ci rabonta, finafinan Indiya da aka fassara da Hausa, irin na Algaita, suka ci nasu, sannan matasa masu kwamfuta a kasuwar waya ta Farm Centre da sauran lunguna suka koma tura wa mutane fim a katin waya a kan kuɗin da bai kai na kofin shayi ba. Wanda bai mayar da uwar kuɗinsa ba, ina zai samu na ɗinka babbar riga ya tafi Abuja karɓar kofi?

Daga nan idanu suka koma Legas. Mujallar City People tana da rukunin Kannywood a bikinta, inda Rahama Sadau ta ci kambun gwarzuwar jaruma a 2014 da 2015, kafin ƙungiyar masu shirya finafinai ta MOPPAN ta kore ta daga masana'antar a watan Oktoba na 2016 saboda fitowarta a bidiyon waƙar mawaƙi ClassiQ. Ga kambu a hannu, ga takardar kora, tsakaninsu shekara guda. Amma bikin da ya fi jan hankalin masu hasashe shi ne AMVCA na tashar Africa Magic, wanda aka fara a 2013 da rukuni na musamman don finafinan Hausa. Jerin waɗanda suka ci wannan rukuni ya isa darasi ga duk mai ganin ya san harkar.

A 2016 ba fim ɗin kasuwa ne ya ci ba. Daɗin Kowa ne, wasan talabijin mai dogon zango na tashar Arewa24, ƙarƙashin Salisu T. Balarabe, wanda aka gina shi da fuskokin da yawancinsu ba taurarin fosta ba ne, babu rawa da waƙa irin ta Kannywood, sai rayuwar unguwa da almajirai da 'yan ƙwaya da rigimar kishiyoyi. Mai lissafi da ma'aunin Ƙofar Wambai ba zai taɓa kawo shi ba, alhali matan aure a gidajen Hotoro da Tarauni sun riga sun san lokacin da ake saka shi fiye da yadda suka san sunan sabon fim. A wannan karon alƙalan nesa sun riga majalisar Titin Gidan Zoo ganin inda iska ta juya, domin 'yan shekaru kaɗan bayan haka masana'antar gaba ɗaya ta koma finafinai masu dogon zango, irin su Labarina na Aminu Saira da Izzar So na Lawan Ahmad.

A 2018 kuwa hasashen titi da hukuncin zaure sun haɗu. Mansoor na Ali Nuhu, wanda ya fito da mawaƙi Umar M. Shareef da Maryam Yahaya a matsayin jarumai, ya ja jama'a zuwa silimar Filmhouse ta rukunin shagunan Ado Bayero a kan Titin Gidan Zoo ɗin kansa, sannan ya je Legas ya ɗauko kambun. Haka ma a 2023, da Aisha na Abubakar Bashir Maishadda. Tsakaninsu akwai 2022, shekarar da Voiceless ya ci. Fim ne da Hausa a kan ta'addanci da sace 'yan makaranta, akwai Sani Mu'azu da Yakubu Mohammed a ciki, amma furodusansa Rogers Ofime ne, daraktansa Robert Peters, wato ba daga ofisoshin Kano ya fito ba. Nan wata tambaya ta taso wadda ba a taɓa buƙatar yin ta a zamanin kaset ba: fim ɗin Hausa shi ne wanda aka yi da harshen Hausa, ko wanda 'yan Kannywood suka yi?

Tambayar ta fi fitowa fili a maganar Oscar. A watan Nuwamba na 2019 masu shirya gasar a Amurka suka cire Lionheart na Genevieve Nnaji, fim na farko da Najeriya ta taɓa aikawa, saboda Ingilishi ya rinjayi maganganun cikinsa, ƙa'idar rukunin finafinan ƙasashen waje kuwa ta ce dole wani harshe ne zai rinjaya.  Korar ta sa darajar harsunan gida ta tashi a dare ɗaya. Shekarar da ta biyo baya Najeriya ta aika The Milkmaid na Desmond Ovbiagele, wanda aka ɗauka a Jihar Taraba, yawancinsa da Hausa. A bikin AMAA na 2020 ya kwashe kambu biyar, har da na gwarzon fim, kuma Maryam Booth, 'yar marigayiya Zainab Booth, wadda ta girma a gaban kyamarar Kannywood, ta ci na mataimakiyar jaruma a faɗin Afirka. Ga dukkan alamu wannan ne kambu mafi nauyi da wata jarumar Kano ta ɗauko, amma a fim ɗin da akasarin masu kallonta na gida ba su gani ba a lokacin, domin bai bi ta hanyoyin da fim ke isa hannunsu ba, kuma sai da hukumar tace finafinai ta tarayya ta sa aka yanke wasu sassansa. Ba a yin hasashe a kan abin da ba a kalla ba. Labarin nasarar ya iso Gyaɗi-Gyaɗi ta Instagram, ba ta allo ba.

A gida ma an yi ƙoƙarin kafa ma'auni mai tsari. Abdulkareem Mohammed na kamfanin Moving Image ya assasa bikin KILAF a Kano a 2018, don finafinan da aka yi da harsunan Afirka, da baje koli da taron masana. Irin wannan biki ba ya tara ihun magoya baya kamar na taurari, amma yana sa fim ɗin Kano ya tsaya kusa da na wasu ƙasashen nahiyar a gaban alƙalan da ba su san wane ne yaron wane ba, kuma masana'antar ta daɗe tana buƙatar hakan ko da ba ta so.

Shekarar 2024 ta zo da abubuwa uku a jere. A watan Janairu Shugaba Bola Tinubu ya naɗa Ali Nuhu shugaban Hukumar Finafinai ta Najeriya, wadda ke shirya bikin Zuma, wato jarumi mai tasowa na Yenagoa ya koma ɓangaren masu raba kambu. A bikin AMVCA na shekarar kuma aka soke rukunin Hausa, aka haɗe shi da na Yarbanci da Ibo da sauransu a rukuni guda na harsunan Afirka ta Yamma. Jagun Jagun na Femi Adebayo ne ya ci, a 2025 kuma Lisabi, dukansu na Yarbanci masu jarin da furodusan Titin Gidan Zoo bai saba gani ba. Kujerar da aka tabbatar wa Hausa duk shekara ta tafi, kuma wanda zai yi hasashe yanzu sai ya kalli finafinan da ba ya jin harshensu.

Na ukun shi ne Mai Martaba na Prince Daniel, wanda aka fi sani da Aboki, labarin rigimar gadon sarauta da aka ɗauka a Daura, Adam Zango na cikin manyan 'yan wasansa. Kwamitin Najeriya ya zaɓe shi ya wakilci ƙasar a gasar Oscar karo na 97. Shi ne karo na biyu cikin shekara biyar da fim mai magana da Hausa ya ɗauki tutar ƙasar, kuma wannan karon da tauraron da kowane yaro a Hotoro ya san fuskarsa. Fata ta yi yawa a shafukan sada zumunta. A watan Disamba aka fitar da jerin finafinai 15 da suka tsallake zuwa zagaye na gaba, babu shi a ciki, kamar yadda babu The Milkmaid a nasa lokacin. Kambun ya tafi Brazil a watan Maris na 2025, ga fim ɗin Walter Salles.